Ranar da Kawu Ya Tsinke Zaren Kaset

Bayan azahar muka kai Kawu makwancinsa a Wurno. Daga Allah muke, gare Shi muke komawa, kuma babu wanda zai tsallake ranarsa. Kwana uku muka yi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa. Na zauna makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa zama wanda aka yi ta nuna tabo kamar wannan ba.

Wanda ya fara wani ma'aikacin asibiti ne daga Goronyo, gemunsa duk furfura. Ana shafa addu'a sai ya naɗe hannun riga ya nuna wa na kusa da shi.

Ya ce, "Kun ga wanga? Aji huɗu. Ya tambaye ni don mi ruwa ka gangara ƙasa ba shi hawa tudu. Nac ce haka Allah Yay yi shi. Yac ce, gaskiya kah hwaɗi, to ta wace hanya Yay yi shi? Nac ce haka dai anka ce. Ban ruhe baki ba naj ji bulala."

Mutane suka yi dariya, sannan suka tuna inda suke, kowa ya sunkuyar da kai.

Wani ɗan kasuwar tafarnuwa bai yi dariya ba. Ya matso gabana ya durƙusa, ya ce a hankali, "Malam, ni ban yahe mishi ba sai yau da sahe. Na taho in hwaɗa ma da bakina, don kada a tsai da shi can sabili da ni." Ya tashi ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

A rana ta biyu tsohon malamin lissafinmu ya iso, mutumin Zuru, Kirista, wanda ya yi shekaru yana koyarwa tare da mu. Ya zauna a bakin tabarma har muka gama addu'a, sannan ya rufe fuska da hula ya yi kuka irin na yara. Da na shiga cikin gida na gaya wa mahaifiyata abin da ake ta faɗa a waje, ina tsoron ranta zai ɓaci tunda yayanta ne, sai ta ce, "Bar su su hwaɗi. Shi ma bai son a ruhe magana."

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Da ajami na fara rubutawa, yadda hannuna ya saba, sannan na juye zuwa boko. Ba zan wanke shi ba, ba kuma zan bari a tuna da bulala kaɗai ba.

Kawu a Rabah aka haife shi. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, muryarsa ta fi jikinsa girma. Ya koyar a Tursa, ya koyar a Kagara, sannan a shekarun da aka tare gulbin Rima da madatsa aka fara jawo ruwa zuwa gonaki, aka kawo shi ƙauyenmu a matsayin hedimasta. Ni a lokacin saurayi ne da ya yi karatun zaure, ban daɗe da aure ba. Shi ya kawo ni makarantar ina koyar da Arabiyya da addini.

Yadda yake koyarwa ban gan shi wurin kowa ba. Ba a ɗaga hannu a ajinsa. Zai jefa tambaya, ya yi shiru, ya taka a hankali zuwa taga, ya leƙa waje kamar ya manta da yaran, ya dawo. Sai a sannan zai nuna wanda yake so. Ya ce in aka kira suna kafin tambaya, mutum ɗaya ne ke tunani, sauran suna hutawa. In yaro ya amsa, ba ya cewa daidai ko ba daidai ba. Tambayoyi uku yake da su, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa zai iya faɗa maka su ko daga barci aka tashe shi: "Don mi?" "Wa yag gani?" "In ba haka ba hwa?"

Ba ya dukan wanda ya yi kuskure. Na ga ya zauna da kuskuren yarinya ɗaya tun safe har lokacin hutun tara, yana juya shi yana murna kamar an ba shi kyauta. Abin da yake duka biyu ne: "ban sani ba" da aka faɗa da sauri don a huta, da "haka aka ce". A kan waɗannan kuwa ba ya da tausayi. Tsumagiya yake yankowa daga tsamiyar bayan makaranta, in ta karye ya aika a yanko wata. Na ga jini a rigar makaranta ba sau ɗaya ba. Na sha gaya masa ya yi yawa, ya sha ce mini in koma ajina.

Wata rana ya fasa wa ɗan wani masunci leɓe. Kashegari uban ya zo da filafilin kwalekwale a kafaɗa, ya tsaya a tsakiyar fili yana kiran hedimasta ya fito. Kawu ya fito, ya cire hula ya miƙa mini.

Ya ce, "Na wuce iyaka ga ɗanka. Rama. Amma ka bar min shi aji, kanai na da kyau."

Mun ɗauka mutumin zai ji kunya. Bai ji ba. Ya ɗaga filafilin ya sauke masa a kafaɗa, ƙarar ta kai har aji ɗaya. Kawu ya durƙusa a gwiwa guda, ya daɗe a haka yana numfashi. Da ya miƙe, sai ya ce, "To mun gama. Yanzu hwaɗa min, tunda anka tare gulbi, ƙaƙa kake gane inda kihi ya koma?"

Masuncin ya tsaya da filafili a hannu, bai san lokacin da ya fara bayani ba. Bayan kwana biyu sai ga shi a gaban 'yan aji shida, yara suna yi masa "don mi", yana share gumi.

Ni ma ban tsira ba. Wata safiya yarana suna rera farillan alwala, murya ɗaya, gwanin daɗi, ina jin kaina. Sai na gan shi a taga. Ya shigo ba sallamar kirki, ya ce wa yaran, "Mutum na gona yana ban ruwa, azahar ta yi, ruwan magudana ya yi jajir da laka. Shi yi alwala da shi ko kada shi yi?" Ajin ya mutu. Yaran da iyayensu ke alwala da wannan ruwan kullum, babu wanda ya iya cewa komai.

Na bi shi ofis. Na ce, "Kawu, addini ba a yi mishi don mi. Kuma ka kunyata ni gaban ɗiyan mutane."

Ya ce, "Alƙur'ani a haddace shi, ban hana ba, ni ma na haddace abin da Allah Yab ba ni. Amma alwala yin ta akai, ba rera ta ba. Kai ka san amsar?"

"Na sani."

"To mi kaka jira da ita? Sai sun yi gemu?"

Mako guda ban gaishe shi ba sai a gaban mutane. Mahaifiyata ce ta kira ni ta ce in ban je na durƙusa ba kada in ƙara cin tuwonta. Na je. Ya tura mini kwanon fura. Daga makon nan na fara tambayar yarana, da tsoro da farko, kamar mai taka gulbin da bai san zurfinsa ba.

Rakodar ta zo ne bayan wani kwas da ya je a Sakkwato. Baƙa ce, mai mariƙi, tana cin batir shida, kuma yakan shanya batiran a rana bisa kwanon rufin ofis don su ƙara kwana. Mutanen gari sun ɗauka waƙa zai riƙa saurara. Shi kuwa ajiye ta yake a kan tebur, ya ɗauki amsar yaro, ya mayar da zaren baya, ya kunna. Sai ya ce wa ajin, "Ba da ɗan'uwanku kuka jayayya ba, da akwatin ga kuka yi. Akwati ba ya jin kunya. Ku kama shi." Yaran da ba za su taɓa ce wa ɗan maƙwabci ka yi kuskure ba, sai ga su suna yayyaga maganar akwati. Mai muryar ma da kansa yakan ce, "A'a, nan ban hwaɗi daidai ba." Na ga yaran da ba a taɓa jin bakinsu ba sun buɗe a gaban wannan akwatin.

Daga nan ya so yaran su fita da tambaya waje, su tambayi manya. Amma a wurinmu yaro ba ya ce wa ubansa "don mi". Mutum ɗaya ne yaro zai iya ja wa gemu ya kwana lafiya, shi ne kakansa. Jika ta kira kakanta mijin banza, shi ya kira ta amarya, ya ce zai sake ta don ba ta iya miya ba, duk gari ya san wasa ne, ba mai ɗaukar maganar ya kai ko'ina. Ta wannan ƙofar Kawu ya shiga. Kowace Juma'a ɗan aji shida guda zai tafi gida da rakoda ya tambayi kakansa, ran Litinin a saurara a aji. Mun ji abubuwa masu kyau. Mun ji inda gulbi yake bi kafin madatsa, da yadda ake rataye tafarnuwa ta shekara ba ta ruɓe ba, da shekarar da ruwa ya ci gari aka kwana bisa tudu. Kuma ƙa'idarsa ce ya saurari kowane kaset shi kaɗai a ofis kafin ya kai aji.

A ranin da nake ba da labari, ruwa ya raba garinmu biyu. Ƙaramar magudana ɗaya ke shayar da gonakinmu. Masu gonaki kusa da bakinta ana ce musu 'yan kai, na can ƙarshe 'yan wutsiya. Kwana uku na waɗannan, kwana uku na waɗancan. Dattawan gari sun ba wani tsoho riƙon ƙarfen da ake murɗa ƙofar ruwan da shi, don an yarda da shi. A shekarar nan ruwa ya daina kai wa wutsiya yadda ya kamata. Albasa ta yi kai ta tsaya, ganye ya ƙone daga sama. Mutanen da suka zuba duk abin da suka mallaka a ƙasa suna tsaye suna kallo. In an tambayi tsohon sai ya ce daga madatsa aka rage.

Jikar tsohon tana aji shida, kuma ita ce ta fi kowa kaifi a shekarar. Da layi ya zo kanta ta ɗauki rakoda ta tafi.

Ran Litinin batiran sun yi sanyi, babu wasu a gari sai an je Goronyo. Kawu ya auna ya ga in ya saurara a ofis ba za su kai aji ba. Ya ce tsohon nan labarin gulbi zai bayar kamar sauran. Sau ɗaya tak ya karya ƙa'idarsa. Ina ajin a ranar, a tsaye a baya, don na saba zuwa in ji.

Da farko labarin gulbi ne kuwa. Sai muka ji muryar yarinyar ta canza zuwa ta wasa.

"Kai tsoho, mijin banza, don mi ruwa ba shi kai wutsiya?"

"Ke amarya, ina ruwanki? Can dam sunka rage."

"Wa yag gani?"

Tsohon ya fashe da dariya har da tari. "Wa yag gani! Hedimasta ya lalata min mata."

"In sun rage, don mi gonakin kai ba su bushe ba?"

Sai muka ji kukan kaza a cikin akwatin. A wurin tsohon, maganar makaranta ta ƙare tun da ya gama labarin gulbi. Abin da ya rage hira ce da jika, wadda ba ta fita ƙofar ɗaki.

"To kawo kunnenki. Ranar wutsiya rabi nika buɗewa, in sa katako daga ƙasa, ruwa shi koma kai. Gonar ubanki tana ina? Takalmin ga na ƙahwarki, albasar wa tas saye shi?"

Kawu ya yi tsalle ya danne maɓalli, amma magana ta riga ta fita. Rabin ajin 'ya'yan 'yan wutsiya ne. Yarinyar tana murmushi, tana jiran a yaba mata ta kai tambaya har ƙarshe yadda aka koya mata. Sai ta waiwaya ta ga idanun 'yan ajin, murmushin ya tafi.

Kawu ya ce, "Abin da kunka ji shi tsaya nan." Shekara shida yana koya musu kada su haɗiye magana, yanzu yana roƙonsu su haɗiye.

Da aka tashi na ce masa ya ƙone kaset ɗin. Ya ce a'a. Ya ce, "'Yan wutsiya ma an cuce su. Albasarsu ba ƙarya taka yi ba." Niyyarsa ya kai wa mai gari da liman su ji su kaɗai, a karɓi ƙarfen daga hannun tsohon ba tare da gari ya tashi ba. Ya sa kaset ɗin a aljihu. Da la'asar ya je, ya tarar mai gari ya tafi Wurno sai gobe.

Kafin magariba babu gidan da maganar ba ta shiga ba.

Da hantsi ran Talata 'yan wutsiya suka taru a ƙofar ruwa. 'Ya'yan tsohon sun riga sun cire katakon, ba a tarar da komai ba, kuma suna tsaye da mutanensu. Ban ga wannan da idona ba, amma na ga waɗanda aka ɗauko. An sara wa wani fartanya a ka har ƙashi ya bayyana. Babban ɗan tsohon, uban yarinyar, ya rasa yatsu biyu. An tura wani cikin magudana aka danne kansa har sai da ya daina motsi, Allah Ya sa da sauran kwanansa. An tattake fangalin albasar 'yan kai, an fasa injin ban ruwa da dutse. Mai gari ya dawo ya tarar da haka, ya sa aka shigar da tsohon zaurensa aka kulle, shi ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce musu maganar yara ce, wa ya ji da kunnensa? Suka ce to za su kawo masa muryar, in kowa ya ji, ya tashi daga ƙofar ko a ɗauke shi.

Haka suka nufo makaranta. Sun fi ashirin, da gora da ƙotar fartanya, wasu riga duk jini. Ɗaya yana riƙe da galan ɗin fetur na injin ban ruwa. Wanda ke gaba baffan matata ne, ƙanen mahaifinta, mutumin da ba ya rasa sahun farko a masallaci, wanda gonarsa ta ƙone ƙurmus a wutsiya.

Malamin lissafi ya tura yaran aji shida ciki, ya jera bencina a bayan ƙofa, ya tsaya a kansu. Yarinyar ta shige ƙarƙashin teburin malami. Kawu ya ɗauki rakoda ya fita fili, na bi shi. Ya tsaya kusa da matar da ke suyar ƙosai don 'yan tara, ita kuwa ta bar kaskonta a wuta ta gudu.

Baffan matata ya ce, "Hedimasta, ba da kai muka yi ba. Kunna muna mu ji."

Kawu ya ce, "In kun ji, mi za ku yi?"

"Mu sani."

"Galan ɗin ga na mi ne?"

Mai galan ɗin ya mayar da shi bayansa.

Wani ya ce daga baya, "Kai ka koya ma ɗiyanmu wa yag gani, wa yaj ji. To mun zo mu ji!"

Kawu ya ce, "Gaskiyarka." Ya ajiye rakodar a ƙasa. Ya zaro kaset daga aljihu, ya sa farce ya jawo zaren, ya yi ta ja da sauri yana naɗewa a hannu kamar mai warware ƙulli. Kafin su gane abin da yake yi ya sa haƙori ya tsinke, ya cusa duka cikin murhun ƙosai. Zaren ya nannaɗe ya narke, wari ya tashi.

Na ji ƙarar farko kafin in ga wanda ya yi dukan. Ƙotar fartanya ce, ya tare da hannun dama, hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Gora ta same shi a fuska ya faɗi. Suka rufe shi. Na ga ƙafafu suna tashi suna sauka, na ga wani ya ɗaga dutsen murhu ya sauke a kan rakoda, batira suka watse. Yara suna ihu a cikin aji. Na faɗa a kansa, aka shure ni a haƙarƙari, sannan aka finciko ni ta wuyan riga.

Baffan matata ne. Idonsa ja, yana huci a fuskata.

Ya ce, "Kai malami na, ba ka ƙarya. Kana ajin. Rantse da Allah, ya hwaɗi ko bai hwaɗi ba?"

Kowa ya tsaya. In na ce bai faɗa ba, na rantse da Ubangijina a kan ƙarya. In na ce ya faɗa, na kunna wa tsoho wuta da bakina, don shaidar malami a garinmu ta fi ta akwati.

Daga ƙasa muka ji muryar Kawu, da jini a cikinta.

"Sake shi. Kada ka sa shi rantsuwa. Ni za ka tambaya."

Ya dogara da gwiwar hannun hagu ya ɗago. Sai a lokacin suka ga fuskarsa. Idon hagu ya fashe, abin da ke cikinsa yana gangarowa bisa kumatu. Na ji wani ya ce subhanallahi, ya saki gorarsa.

Kawu ya ce, "Ya hwaɗi. Na ji da kunnena. Ga wa yah hwaɗi?"

Baffan ya kau da kai.

"Tambayarka nikai. Ga wa?"

Baffan ya ce, "Ga jikatai."

"Kai kana da jika. Mi kac ce mata da taz zuba ma ruwa ga hura?"

Wani maƙwabcin baffan ya ce a hankali, "Cewa yay yi ya sake ta saki uku."

"To a kai ka gaban alƙali? Tun yaushe anka fara ƙone mutum bisa abin da yac ce ma jikatai?" Ya tofar da jini. "Ni na san an cuce ku. Ban ce ba a cuce ku ba. In kun ƙone shi, albasa ta tashi? Yau ranar wa ta ga ruwa?"

Wani ya ce, "Tamu."

"Wa ad da ƙohwa yanzu?"

Babu kowa a ƙofar ruwan. Tun hantsi a rufe take, ranarsu tana tafiya, suna nan suna dukan malamin makaranta. Na ga abin ya shige su ɗaya bayan ɗaya. Baffan ya sake rigata. Ya dubi Kawu, ya dubi hannunsa, ya juya. Ba su koma zauren mai gari ba. Sun je sun ɓalle ƙofar da ƙarfen amalanke, ruwa ya kai wutsiya kafin azahar. Galan ɗin a filin makaranta aka bar shi. Abin da suka tanadar wa tsohon sun riga sun sauke shi a kan Kawu, babu sauran da za su kai can.

A amalanken shanu muka kai shi Goronyo, ni da malamin lissafi. Idon ya tafi. Hannun wani maɗori a Wurno ya ɗora shi, ya warke a karkace, har ya rasu ba ya iya kai loma baki da shi sai ya sunkuya. Da aka zo bincike aka ce ya faɗi waɗanda suka dake shi, ya ce ƙura ta yi yawa, kuma ga shi ido ɗaya gare shi.

A kwana na takwas, yana kwance a gidan maɗorin, tsohon ya zo. Da ƙafa ya taho, da wani abu naɗe a buhu. Ya zauna a bakin ƙofa ya kasa shiga.

Kawu ya ce, "Baba, shigo. Ni nac cuce ka. Na ɗauki wasanka da jikarka nas sa cikin akwati na kai kasuwa."

Tsohon ya ce, "Hedimasta, ba wasa ba ne. Na yi."

"Na sani."

"Ka sani, kab ba da idonka?"

Kawu ya ce, "Yarinya na ƙarƙashin tebur. Ni nak koya mata tambayar. In sun ƙone ka, ita ta kashe kakanta har ta mutu. Mi ag cikin buhun?"

Ƙarfen ƙofar ruwa ne. Ran Juma'a bayan an sauko, tsohon ya tsaya a gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ba akwati, ba wanda ya tilasta shi, ya ajiye ƙarfen a gaban mai gari. An zage shi. Wani ya tofa masa yawu a riga. Amma jini ya riga ya huce, kuma duk wanda ya ɗaga hannu sai ya tuna fuskar da ya gani a filin makaranta. Daga ranar aka sa mutum biyu a ƙofar, ɗaya daga kai, ɗaya daga wutsiya.

Kawu ya koma aiki da ƙyalle a ido. Uban yarinyar ya cire ta daga makaranta, Kawu ya je ya zauna a zaurensa kwana uku a jere har ya gaji ya mayar da ita. Ya sake sayen rakoda, ya ci gaba da ɗaukar amsoshin yara a aji, amma ba ta ƙara kwana a gidan kowa ba. Ina so in ce ya bar duka, amma ƙarya zan yi. Ya koma yi da hagu.

Tsohon ya ƙara shekaru masu dama. Ba a sake ba shi amanar ko da akuya ba, amma ya ga auren jikarsa, ya ga ɗanta. A ɗakinsa ya cika, bisa tabarmarsa, ana yi masa kalmar shahada yana amsawa. Da aka fito da makara, baffan matata ne ya kama ta gaba. Kawu yana bayana a sahu, ya matso ya ce mini a kunne in gaya masa ko an rufe ƙafafun da kyau, don daga gefen nan ba ya gani.

Ya Allah, bawanka ne, Ka fi mu sanin abin da hannunsa ya yi. Ka yafe masa jinin da ya fitar a bayan yara, Ka sanya wa waɗanda bai nemi gafararsu ba sauƙin yafewa. Ka karɓi idon da ya bayar don kada a ƙone wani bawanka da rai, Ka tsare shi da wuta kamar yadda ya tsare. Amin.